Shekarar da Naman Kawu Arlester Ya Kasa

Duk wanda ya tashi a danginmu na Mabry, a gabashin Texas, ya san ƙamshin Kawu Arlester kafin ya san fuskarsa. Hayaƙin itace ne ya kama masa jiki, ya shige rigunansa da hularsa da kujerar motarsa, har matarsa, Goggo Verlean, takan ce ko an wanke shi da sabulu an shanya a rana, kare zai bi shi har ƙofar coci. Sana'arsa tuƙin motar gungume ce. Ya yi ta jigilar itatuwa daga daji zuwa injin tsaga katako har bayansa ya sunkuya. Amma ba wanda ke tuna shi da wannan. Abin da aka san shi da shi rana ɗaya ce a shekara, Asabar ta biyu a watan Yuni, ranar gyaran maƙabarta.

Maƙabartarmu tana cikin daji, bayan gidansa, a kan wani tudu da ya gangara zuwa rafi. Kakannin kakanninmu ne suka fara kwanciya a can, tun zamanin da suka fita daga bauta suka sari gonakinsu na farko. Waɗanda ke saman tudu suna da allunan siminti da sunaye. Na gangare kuwa, inda tsofaffin farko suke, jajayen duwatsu kawai aka kakkafa musu, ba rubutu ba komai, wasu ma ƙasa ta riga ta haɗiye su. Ranar gyara kowa yakan zo da fartanya, a kankare ciyawa tas, a sake tayar da ƙasar kowane kabari, a share. In an gama sai a ci nama. In an ci an ƙoshi, babban gida ya tashi ya shige gaba, dangi na biye, ya tsaya gaban kowane kabari ya faɗi wanda ke kwance a ciki, da wanda ya haife shi, da waɗanda ya haifa. Haka mahaifin Kawu Arlester ya yi, haka shi ma ya gada, gashin naman da kiran sunayen duka. Tun bayan rasuwar yayarsa, ba wanda ya rage a duniya da ya san mutanen gangare sai shi kaɗai, kuma babban burinsa shi ne ya ga ranar da 'ya'yan dangi za su cika bayansa ya saka musu sunayen nan a kunne.

Akwai kuma wata doka da ba wanda ya san ranar kafa ta. Ba a gayyatar kowa, ba a kuma tambayar wa zai zo. Kawu Arlester yakan ce wanda ake gayyata baƙo ne, kuma ba wanda yake baƙo a inda aka binne kakansa. Mai gashi ya gasa abin da zai ishi duk mai amsa sunan Mabry, ya zuba wa hanya ido. A wurinsa, tambayar mutum ko zai zo daidai take da nuna masa cewa yana iya ƙin zuwa.

Ramin gashin naman, mahaifinsa ne ya gina shi da bulo a gindin wata bishiya, dogo ne sosai, da murfin kwano. Yana ɗaukar ƙirjin sa takwas, ban da haƙarƙari da kaji. Ƙirjin sa nama ne mai taurin kai. Ba a nuna masa harshen wuta, sai dai a bar shi cikin hayaƙi mai sassaucin zafi tun daga yammacin Juma'a har hantsin Asabar, mai gashi na zaune a gefe yana ƙara garwashi da shebur. Wanda ya yi masa gaggawa zai tauna takalmi. Kawu Arlester ya yi shekara arba'in da wani abu yana wannan zama, yana shaƙar hayaƙin a kan na sigari da ƙurar katako. A zamanin da abin ke tashe, motoci kan cika hanyar yashin nan har bakin kwalta, kuma ba a taɓa samun wanda ya koma gida ba tare da ƙunshin nama a takardar alminiyam ba. Da wannan yake alfahari, fiye da gidansa, fiye da motarsa.

Sai mutane suka fara raguwa. Ba faɗa aka yi ba, ba gaba. Tsofaffi suka hau tudu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu kuma aiki ya watsa su, wasu Houston, wasu Dallas, wasu har California. Wanda ya fasa zuwa shekara ɗaya sai ya ji nauyin zuwa ta biyu, a ta uku kuma ya manta ranar. Aka wayi gari masu zuwa ba su cika goma ba, kuma kusan dukansu masu ciwon gwiwa ne, su zauna a kujeru a saman tudu, in an zo gangare su ce ya je, suna jinsa daga nan. Sai ya sauka shi kaɗai, ko da Cleon, ɗan baffansa kuma abokin wasansa, wanda kansa ba ya riƙe komai sai labarin kamun kifi. Duk da haka Kawu Arlester bai taɓa rage nama ba. Ƙirji takwas yake ɗorawa kowace shekara. Abin da ya saura Goggo Verlean ta kai coci, ta raba wa maƙwabta, ta bi gidajen marasa lafiya, kuma duk da haka sai an zubar. In ta yi magana ya ce mata ai ba ta san wa ke kan hanya ba.

Shekarar da ake magana, abubuwa biyu suka faɗo masa a tare. Wani sanyi mai tsanani da ba a saba gani ba ya tsattsaga bulon ramin, gefe ɗaya ya rufta. Kafin a yi zancen gyara kuma tarin da ya daɗe yana ɓoyewa ya kayar da shi a tsakar gida. Likita ya ce huhunsa ya gaji, kuma in ya sake kwana a gaban garwashi kada a dawo masa da shi. 'Yarsa Denitra, ma'aikaciyar jinya ce a Houston, ita ta kawo shawarar murhun zamani. Akwatin ƙarfe ne mai ƙafafu, a gefensa akwai mazubi da ake cika wa ƙwayoyin garin katako da aka matse. A jona shi da lantarki, a murɗa zafin da ake so, shi da kansa zai riƙa jan ƙwayoyin kaɗan-kaɗan yana ƙonawa, hayaƙin siriri, mai gashi ya rufe ya je ya kwanta. Da farko ya ce gara ya mutu. Da ya ga watan Yuni na matsowa, ba rami ba ƙarfi, sai ya sa hularsa ya ce a kai shi ya gani.

Akwai abin da bai sani ba. Denitra ta ga hoton huhun da idonta, kuma aikinta ne ta san abin da ta gani. Ta gane cewa in bai kira sunayen nan a gaban dangi bana ba, ba zai sake iya takawa zuwa gangare ba. Don haka ta karya doka. Ta zauna ta bi dangi a waya ɗaya bayan ɗaya, ta ce musu Baba ba shi da lafiya, wanda zai iya zuwa ya zo. Yawancinsu suka ce za su gani. Da ta gaya wa uwarta, Goggo Verlean ta dafe ƙirji ta ce kada ta kuskura ya ji, don in ya san roƙo aka yi aka tara masa mutane, zai kulle kansa a ɗaki ya ƙi fitowa.

Suka tafi wani babban kanti a Lufkin su uku, shi da Denitra da Cleon, wanda ba a gayyace shi ba amma aka tarar da shi zaune a mota. Murahun na jere a layi, baƙaƙe, suna ƙyalli. Cleon ya tsoma hannu a buhun ƙwayoyin ya ɗebo ya shinshina.

"Lester, yanzu kashin zomo za ka riƙa ƙona mana? In babanka ya ji daga kan tudu, na rantse sai ya juya ya ba ka baya."

"Kai da ko a tayar mota aka gasa cinyewa za ka yi," in ji Kawu Arlester. "Ajiye musu kayansu kafin ka haɗiye."

Mai kula da wurin wata mata ce mai fara'a. Ta nuna musu uku. Ƙaramin yana ɗaukar ƙirji biyu, na tsakiya huɗu, babban kuwa takwas, kamar ramin mahaifinsa. Ta ce in aka kunna babba aka ɗora ɗan nama kaɗan, ƙwayoyi kawai zai yi ta ci yana ɗumama wofi. In kuma aka cusa wa ƙarami fiye da cikinsa, hayaƙi ba zai samu hanyar zagayawa ba, naman ya fito wani wuri ya nuna wani wuri ɗanye. Sannan ta yi masa tambayar da take yi wa kowa, ba ta san ita ce tambayar da ba a yi a gidanmu ba.

"To Baba, mutum nawa kuke ciyarwa?"

Denitra ta ce mahaifinta ya taka zuwa gaban babban, ya ɗaga murfin da hannu biyu, ya leƙa ciki. Ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan wagar ƙarfen da ake ɗora nama kamar mai auna wurin kowane ƙirji. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa ƙirga mutane ba, nama yake ƙirgawa, kuma yanzu wata baƙuwa ta sa shi ya ƙirga su a tsaye, a tsakiyar kanti. Ya ƙirga na bara, ya cire ɗaya da ta rasu a hunturu, ya cire ɗaya da aka kai gidan kula da tsofaffi.

Denitra ta ce masa su ɗauki babban. Ya tambaye ta don me. Amsar gaskiya an hana ta, sai ta ce ai ko don gaba. Ya dube ta, ya ga idonta ya yi ja, ya ɗauka tausayinsa take ji, irin lallashin da ake yi wa tsoho don kada ransa ya ɓaci. Wannan ya fi komai yi masa zafi.

"Wace gaba, Denitra? Tambayi Cleon, bara karnukansa sun yi kwanaki suna cin ƙirjin sa. Na gaji da gasa wa kujeru nama."

Ta ce to ko na tsakiyan. Ya ce mai gashi ba ya tsayawa a tsakiya, ko dai yana jiran mutane ko ba ya jira. Cleon ya buɗe baki zai yi wasa, ya dubi fuskarsa ya fasa. Kawu Arlester ya sauke murfin babban a hankali, ya juya ya nuna ƙaramin da leɓe.

Goggo Verlean ta ce da suka dawo bai shiga gida ba. Ya zauna a cikin mota a bakin ƙofa har abinci ya huce, kwalin murhun na bayansa. Ita ta san abin da ya faru tun kafin a gaya mata. Shekarun nan duka, da ake raguwa, da ake zubar da nama, bai taɓa yarda a bakinsa ko a zuciyarsa cewa ba za su dawo ba. Ranar nan ya yarda, kuma ya sayi abin da zai tsaya a bayan gida yana tuna masa kullum. Ta shiga ɗaki ita da 'yarta suka yi ta shawara cikin raɗa. Suka ce ai waɗanda suka ce za su gani, gani kawai za su yi. In an yi sa'a a samu mutum ashirin, ƙirji biyu zai kai, su kuma su ƙara wake da kwaɗon dankali da burodi. A kan haka suka tsaya.

Ran Juma'a da yamma ya shafa wa naman gishiri da barkono, ya ɗora, ya rufe, ya murɗa. Ya tsaya yana kallon akwatin yana wani ɗan gurnani, ba abin da zai yi masa. A karon farko tun yana saurayi ya yi barci a jajibirin gyaran maƙabarta, ya tashi da safe yana jin kunya kamar wanda ya yi sata. Naman kuwa ya yi kyau, gaskiya ce a faɗa. Ya yi baƙin ɓawo a waje, ya yi laushi a ciki. Cleon ya tsinki gefe ya tauna, ya ce to zomon nan dai ya ci abinci mai kyau.

Yana cikin naɗe naman a takarda ya ji motar farko. Bai ɗaga kai ba. Sai ta biyu, sai ta uku, sai wata doguwa ta haya cike da yara. Ya fito gaban gida da wuƙa a hannu ya tsaya. Motoci suka yi ta shigowa hanyar yashi suna neman wurin tsayawa, wasu da lambar Oklahoma, wasu ta California. Mutanen da ya yi musu ganin ƙarshe suna goye a baya suka fito da gemu, suna riƙe da nasu 'ya'yan. Kafin rana ta ɗaga mutanen sun haura sittin. Goggo Verlean ta ce ta ga fuskarsa ta buɗe kamar ta yaro, ta ga bakinsa na motsi yana ƙoƙarin tuno ɗan wane ne wannan, jikar wance ce waccan. Sannan ta ga ya waiwaya ya dubi bayan gida, inda ƙaramin murhun yake, murnar ta zube daga fuskarsa.

Suka yi ta rungumarsa, kuma kowa ya rungume shi sai ya daɗe bai sake ba. Mata suna shafa masa baya, maza suna ce masa ya yi kyau, ya yi ƙiba, shi da wandonsa ke zamewa. Wata 'yar goggonsa da ta taso daga Oakland da sanda ta kama hannunsa ta ce sun ji, ba ta ƙarasa ba. Nan ya gane. Ya nemi Denitra ya same ta a kicin tana juya wake.

"Kin kira su."

"Na kira su, Baba."

"Kika tsaya kina kallo na sayi wancan."

Ya fita.

Ya yi abin da zai iya. Ya aiki Cleon zuwa wani ɗan kanti a bakin hanya ya kwaso duk kajin da ke firjinsu, ya cusa su a murhun, wata kan wata, har murfin na rufuwa da ƙyar. Ya san ba haka ake yi ba, an ma gaya masa, amma ya murɗa zafin har ƙarshe ya tsaya yana addu'a. Ramin bulo na can gefe a rufte, itacen da ya tara ya riga ya rabar. Ko da akwai su ma, ba a gasa wa mutum sittin ƙirjin sa tsakanin safe da azahar.

A kan tudu kuwa aiki ya kankama. Hannuwan da ba su saba da fartanya ba suka yi kanta, ana dariya, ana ɗaukar hoto, yara na tsere tsakanin kaburbura. Wata ta ɗauko waƙar coci, sauran suka amsa. Kawu Arlester na jin muryoyin daga bayan gida. Abin da ya yi shekaru yana roƙon Allah ke nan, ga shi ya zo, shi kuma yana tsaye gaban akwatin da ya saya ranar da ya fid da rai.

Da rana ta take aka sauko, kowa ya jiƙe da gumi, aka yi layi. Ya buɗe murhun, kajin sun fito fari fat, da aka tsaga ɗaya jini ya biyo ƙashi. Ba a ba mutane irin wannan. Ya mayar ya rufe, ya juya ga ƙirjin nan biyu. Mutumin da yankansa ya kai kaurin yatsa, ranar nan ya yi ta yanka siriri har ana ganin wuƙa ta cikin naman. Aka fara da yara, sannan tsofaffi. Naman ya ƙare rabin layi na tsaye da faranti a hannu. Ya kankare katakon yankan da wuƙa, ya tattara ɓurɓushin ya zuba wa wanda ke gabansa. Na baya suka yi ta cewa ba komai, Kawu, ai mun ci a hanya, wake ma ya isa. Waken ma bai isa ba.

Ba wanda ya yi fushi, ba wanda ya faɗi baƙar magana. Da an yi ma da ya fi masa sauƙi. Wani mai ciwon suga ya fara rawar jiki, matarsa ta ce dole ya ci abu mai nauyi. Yara suka fara kuka. Wani ya ce akwai gidan abinci a Crockett mai ɗaukar jama'a, a je a dawo yanzu. Mota ɗaya ta tashi, ta biyu ta bi ta. Waɗanda suka samu nama ma suka ce bari su raka su, tunda an daɗe ba a haɗu ba. Wasu samari suka zo suka durƙusa gaban kujerarsa suka ce ya zo a tafi da shi, yau su za su ciyar da shi. Ya ce su je, shi ba a kira sunaye ba tukuna. Suka ce ai yanzu za su dawo.

Ya sa aka kai masa kujera bakin maƙabarta ya zauna yana fuskantar hanya. Can a Crockett akwai sanyin na'ura, akwai kujeru masu laushi, ga hirar shekaru ta ɓarke. Da aka ci aka ƙoshi jiki ya mutu, masu yara suka wuce masauki, masu nisa suka ce gara su kama hanya da sauran haske. Wayar Denitra ta yi ta ƙara, kowa na cewa a gaida Kawu, gobe bayan coci za a biyo. Washegarin sun biyo kuwa, cikin fararen kaya da takalman coci, suka tsaya a baranda suka yi sallama, jirgi na jiran wasu. Ba wanda ya tuna da gangare, shi kuma ba zai roƙa ba.

Amma a yammacin Asabar ɗin, da inuwa ta yi tsawo ya tabbata ba mai dawowa, ya dafa kujera ya miƙe. Waɗanda suka rage ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Denitra ta kunna wayarta don ta naɗi muryarsa, ta roƙe shi ya fara daga gangare, tunda na sama an rubuta sunayensu. Ya ce ba a farawa daga ƙasa. Haka mahaifinsa ya ba shi, daga kabarin bakin ƙofa, kuma kowane suna shi ke janyo na bayansa, in ya tsallake layi sauran za su tsere masa. Sai ya fara daga sama. Ya tsaya gaban kowane allo ya faɗi abin da ke rubuce a jikinsa, ya ƙara da uwa da uba da 'ya'ya, yana tsayawa yana jan numfashi. Ya ƙarar da ƙarfinsa a kan waɗanda ba su da haɗarin ɓata. Da suka kai inda tudu ya fara gangarawa muryarsa ta koma raɗa. Ya kira dutse na farko, ya kira na biyu. A na uku ya buɗe baki iska ta ƙi zuwa, ya sulale ya zauna a ƙasa. Cleon da Denitra suka ɗauko shi, yana nuna gangaren da hannu.

Bai sake taka wurin ba. Aka sa masa robar iska a hanci, duniyarsa ta koma tsakanin gado da baranda. Denitra ta sauka gangaren ta ɗauki hoton kowane dutse ta kawo masa. Ya riƙe wayar kusa da ido ya daɗe yana kallo, ya ce duk kamarsu ɗaya, shi ƙafarsa ce ta san su, sai ya tsaya a wurin, rafi na hagunsa, sannan sunan ke zuwa. Ta ce to ya faɗi sunayen kawai a jere. Ya faɗi da yawa, amma wane ne a ƙarƙashin wane dutse, da inda wani ke kwance ba dutse, wannan ya tafi. Aka yi zancen ɗaukarsa a kujera a sauka da shi in zafi ya ragu. Kafin zafin ya ragu jikin ya ƙi. Murhun kuwa bai sake kallonsa ba, kuma bai sake yi wa 'yarsa maganar ba, ko ta faɗa ko ta yafiya, abin da har yau ke hana ta sukuni.

Ya rasu da ganyen itatuwa suka fara zuba. Tun da daɗewa ya gaya wa matarsa a gangare yake so a sa shi, kusa da kakansa, tunda saman tudu ya cika. Aka kira mai haƙa kabari, ya zo ya dubi wurin ya ce ba zai sa injinsa ba sai an nuna masa ƙasar da ba kowa a ciki. Aka dubi Cleon, shi da ya fi kowa raka shi can. Cleon ya zagaya ya zagaya, ya tsaya wani fili tsakanin duwatsu biyu, ya ce nan ne, ya rantse nan Lester kan tsallake bai ce komai ba. Aka fara da shebur. Ba a kai ƙugu ba shebur ya ci karo da ruɓaɓɓen katako, ƙasa ta fito da wani farin maɓallin riga. Mai haƙan ya cire hularsa. Aka mayar da ƙasa, ba wanda ya san wa aka taɓa.

Goggo Verlean ta ce wa Cleon ya sake dubawa. Ya taka gaba, ya dawo baya, ya tsaya yana murza hularsa.

"Ban sani ba, Verlean. Duk shekarun nan ina bayansa, ban saurara ba. Ban sani ba."

A maƙabartar gari aka binne shi, a Crockett, a layin mutanen da bai taɓa sanin ko ɗaya daga cikinsu ba. Bayan an watse Goggo Verlean ta tsaya ta yi magana da mai kula da wurin, ta ce ya ajiye mata filin da ke gefensa.